Neman kalma: "residual" da "compensatory" a yarjejeniyar filin jirgi

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe huɗu zan miƙa fassarar rahoto kan filayen jiragen saman Amurka, kuma kalmomin nan biyu sun tsaya mini a wuya. A ta farko, filin jirgi yana tara abin da ya samu daga shaguna da wuraren ajiye motoci, ya cire daga kuɗin da ya kashe, sauran kuma kamfanonin jirage su biya. A ta biyu, kamfani na biyan kuɗin wurin da ya yi amfani da shi kawai, riba da asara na filin ne. Ku taimaka.

Ɗan Ƙamus: Yarjejeniyar ragowa da yarjejeniyar diyya. An gama.

Malamar Hausa: Diyya kuma, Malam? Wa aka kashe? Mai karatu zai ɗauka jirgi ne ya faɗi ana biyan iyalai.

Tsohon Ɗan Jarida: Ragowar ma ba ta yi ba, sai ka ce wani abu ake raba wa kamfanonin, alhali su ke ɗauke da nauyin. In kuɗin shaguna ya ragu, kuɗin saukar jirginsu ne ke ƙaruwa. Shi ya sa suke neman a riƙa jin ta bakinsu kafin a fara babban gini. Da irin wannan tsari aka tafiyar da filin O'Hare na Chicago, kuma kafin gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, kwantiragin shekara 30 ba abin mamaki ba ne. Ni dai na ce cike-giɓi.

Ɗan Ƙamus: Kwantiragi! Ga yarjejeniya tamu, sai an aro ta Bature? Haka kuke kashe harshen nan a rediyo.

Tsohon Ɗan Jarida: Diyyar taka daga Larabci ta fito, ƙamus ɗin da kake taƙama da shi ma haka.

Ɗan Ƙamus: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru ba ɗaya yake da na jiya ba, Alhaji.

Malamar Hausa: Ku bar bawan Allah ya gama aikinsa. Ta biyun a juya karin maganar nan mana: iya shagalinka, iya kuɗinka.

Mai Fassara: Malama, ma'anar ta fito tsaf, amma edita zai kore ni. Saura minti arba'in. Ga kuma ta uku, mai haɗa biyun.

Ɗan Ƙamus: Gamin gambiza.

Tsohon Ɗan Jarida: Wannan ai zagi ne. Ruwa-biyu.

Mai Fassara: Na ɗauki cike-giɓi da ruwa-biyu. Ta tsakiya na rubuta "yarjejeniyar biyan kuɗin amfani", ban gamsu ba amma lokaci ya ƙure. Na gode.

Ɗan Ƙamus: Cike-giɓi ba laifi. Ruwa-biyu kam ban sa hannu ba.