Haƙorin gaban ɗana ya ƙi fitowa bayan famfara

Maman Abba, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 9. Tun da ya yi famfara, haƙorin gaba na sama na dama ya fito, na hagu shiru har yau, an fi shekara. Yana ɗan shekara 3 ya faɗi a dakalin ƙofar gida, haƙorin wurin ya shige cikin dasashi, daga baya ya yi baƙi. Kakarsa ta ce a ƙyale shi, lokaci ne. Amma na gefe sun fara karkatowa suna cike giɓin, kuma yaro ya daina buɗe baki ya yi dariya saboda tsokanar 'yan ajinsu. Abin na ci min rai. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Baban Hanifa, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Maman Abba, jiran ya isa haka. Waɗannan haƙoran suna fitowa ne tsakanin shekara 7 da 8, in ɗaya ya yi wata 6 ɗan uwansa bai leƙo ba, sai a ɗauki hoton X-ray. Ki gaya wa likita maganar faɗuwar nan. Haƙorin yarinta in ya bugu yakan tunkuɗi na dindindin da ke haɗuwa a bayansa, saiwar ta lanƙwashe kamar lauje. Wani kuma haƙorin ƙari ne ke tare masa hanya. Ku fara da sashen haƙori na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos.

Anti Rabi, Unguwar Rogo:
Ƙanwata, tawa 'yar haka ta yi. Sai da aka sa mata wayar daidaita haƙora aka buɗa gurbin tukuna, sannan aka yi 'yar tiyata a dasashi, aka manna wa ɓoyayyen haƙorin wata siririyar sarƙa. Duk zuwa asibiti a ɗan ja kaɗan. Mun kusa shekara 2 muna zirga-zirga, wallahi na gaji, kuɗin mota ma abin faɗa ne. Ya fito da ɗan tabo rawaya a baki, aka gyara shi da ciko. Ki tsaya masa kan goge baki safe da dare, waya na riƙe abinci.

Maman Abba:
Anti, ba za a cire kawai a dasa masa wani ba?

Baban Hanifa:
Dashe sai muƙamuƙi ya gama girma, Abba da saura. Shi ya sa ake fara ƙoƙarin ceto nasa, sai in lanƙwasar ta yi tsanani.

Maman Abba:
Na gode, Allah ya saka. Ranar Litinin in sha Allah za mu je da babansa.