Wane tayil ne ba ya santsi a tsakar gida?

Maman Yara:
Salam jama'a, dan Allah a ban shawara. Bara muka sa tayil mai sheƙi a baranda da tsakar gida, wlh tunda damina ta faɗi hankalina bai kwanta ba, shekaranjiya Hajiyarmu ta fito alwalar asuba santsi ya kwashe ta, yanzu haka hannunta a ɗaure yake. Da me za mu canza?

Mai Tayil:
Subhanallah, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ai na ɗaki aka sa muku a waje. In za ki saya ki tambayi lambar santsinsa, daga R9 zuwa R13 ne, in lambar na ƙaruwa santsi na raguwa, na waje R11 ake nema, in kin shafa za ki ji kaushi.

Injiniya:
Hajiya ki duba gangara ma, ko tayil ɗin na da kyau in ruwa na kwanciya sai gansakuka ta fito. A ba shi kamar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin rariya. Tsakar gida kam ni intalok na fi so.

Maman Yara:
Na gode ƙwarai, yau na shimfiɗa tabarmar roba a wajen alwalar kafin mai aikin ya zo.