Neman shawara: yadda zan kwashe kundin rubutuna na OneNote kafin a rufe asusun makaranta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina dab da kammala digiri na biyu, kuma an sanar da mu cewa asusun imel ɗin da makaranta ta ba mu zai daina aiki da zarar mun gama. Duk abin da na tara na bincike yana cikin OneNote, manhajar ajiye rubutu ta kamfanin Microsoft, da ke haɗe da wannan asusu, har da hotunan shafukan littattafan da na ɗauka a ɗakin karatu da sautin hirarrakin da na yi da dattawa. Na buɗe foldar OneDrive, wato ma'ajiyar intanet ta Microsoft, a kwamfutata na kwafe kundin zuwa filashi, sai na ga abin da ya shiga ɗan mitsitsi ne, alhali hotunan kaɗai sun fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Don Allah wace hanya zan bi ya dawo cikin kwamfutata gaba ɗaya, kuma in ci gaba da duba shi a waya kamar yadda na saba?

Wani malamin kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika kwafa ba kundin ba ne, mahaɗi ne kawai da ke nuna inda yake a intanet, kuma ranar da aka rufe asusun babu abin da zai buɗe miki. Dalili kuwa shi ne OneNote yana da tasa hanyar daidaita rubutu da ma'ajiyar intanet, don haka manhajar OneDrive ba ta sauko da kundin yadda take sauko da sauran fayiloli.

Ki buɗe OneNote na kwamfuta a inda intanet ke da ƙarfi, ki shiga File, ki zaɓi Options, a ƙarƙashin Sync ki kunna umarnin sauko da dukkan fayiloli da hotuna, sannan ki danna F9 ki jira har ya gama. A wannan mataki ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma a nan ake asara, domin shafin da ba a sauko da hotonsa ba yana iya fita da gurbi babu komai. Bayan haka ki koma File, ki zaɓi Export, ki ɗauki kundin gaba ɗaya a matsayin OneNote Package, wanda zai ba ki fayil guda mai ƙarewa da .onepkg. Idan kika danna shi sau biyu zai tambaye ki suna da wurin da kike so ya warware, sai ki nuna masa folda a cikin kwamfutar. Idan kundin ya yi nauyi har fitarwar ta ƙi, ki riƙa fitar da shi sashe-sashe. Kada ki ɓata lokaci a kan shafin OneNote na intanet, domin damar saukewa da ke can ta masu asusun kansu ce, ban da na makaranta ko wurin aiki.

Wani ɗan'uwa:
Ni a ganina, bayan ta warware shi ta saka foldar a cikin Google Drive na kwamfuta, tunda suna ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive kuwa 5 kacal.

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, amma wannan shawara tana da haɗari. Kundin da ke zaune a kwamfuta folda ce mai ɗauke da fayil ɗaya ga kowane sashe, kuma OneNote yana rubutu a cikinsu a kai a kai ba tare da an ce masa ya adana ba. Idan wata manhaja daban tana ɗora waɗannan fayiloli a daidai lokacin, sai a wayi gari da kwafi biyu na sashe ɗaya masu saɓa wa juna, ko sashen da ya ƙi buɗuwa. Ko foldar Documents ma ki duba ta, 'yar'uwa, domin a kwamfutoci da yawa OneDrive yana ɗora abin da ke cikinta a intanet. Shi fayil ɗin .onepkg da ba a aiki a cikinsa, babu laifi a ajiye kwafinsa a Google Drive da filashi.

Batun waya kuma, kundin da ke cikin kwamfuta kaɗai ba zai fito a can ba, saboda manhajar waya daga ma'ajiyar intanet kawai take karantawa. Ki buɗe asusun Microsoft naki na kanki, ki shiga File, ki zaɓi Share, ki mayar da kundin da kika warware zuwa wannan asusu, amma ki fara duba nauyinsa, don sautin hira yana cin wuri. Kafin ki saki tsohon asusun, ki bi sassan ɗaya bayan ɗaya kina kwatantawa, ki kunna kowane sauti ki ji da kunnenki. Idan akwai sashen da kika kulle da kalmar sirri, ki tabbata kina tune da ita, domin ko kamfanin Microsoft ba ya iya dawo miki da ita.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Sai dai Malam, manhajar da ke kwamfutata ba ta da File ko kaɗan a samanta.

Malamin kwamfuta:
To, kina amfani ne da wadda ake kira OneNote for Windows 10, wadda ba ta iya riƙe kundi a cikin kwamfuta, kuma an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Ki sauko da OneNote na kwamfuta daga Microsoft Store, kyauta ne, ki shiga da asusun makarantar. Kada ki cire tsohuwar sai kin tabbatar duk abin da kika rubuta a cikinta ya bayyana a sabuwar, domin shafin da bai taɓa hawa intanet ba yana cikinta ne kaɗai.