Shawarwarin ɗalibai kan Japananci a matakin tsakiya

Da muka zauna da ɗaliban shekara ta biyu, kowa kukansa ɗaya: kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci. Waɗanda suka riga mu suka ce kada a haddace harafi shi kaɗai, a koye shi cikin kalma da jimla, kullum kaɗan-kaɗan, tunda jerin joyo, wato kanjin amfanin yau da kullum, ya kai haruffa 2,136. Wata ta ce Anki, manhajar bitar hadda, ita ce ta cece ta, minti ashirin bayan sallar asuba.

An daɗe kan keigo, maganar girmamawa, domin nan ake yawan tuntuɓe. Shawarar ita ce a riƙa gwada ta da malami a aji.

Ni dai na fi gamsuwa da mai cewa a karanta labarai masu sauƙi na NHK, kafar yaɗa labarai ta Japan, da babbar murya. Bahaushe ya saba da dogon wasali da baƙi mai ruɓi, waɗanda Japananci ma yake da su, kunnensa zai taimake shi. Mai shirin JLPT kuwa, wato jarrabawar ƙwarewa a Japananci, ya fara da N3, matakinta na tsakiya.