Takardun Fada Secchi: hoto ya wadatar, ko sai da ainihin takardar?

Malam Sani: Ga matsayina. Wasiƙu da littattafan aikin Fada Angelo Secchi, limamin Katolika ɗan ƙungiyar Jesuit da ya koyar da ilimin taurari a Kwalejin Roma har ya rasu a 1878, da zarar an ɗauke su hoto mai kyau an gama. Kuɗin sanyaya ɗaki da sayen akwatuna gara a ba masu kwafe rubutun, tunda karatu ake nema.

Hajiya Binta: Malam, ban yarda ba. Secchi ya duba hasken taurari wajen 4,000 ya kasa su gida huɗu. Mai bincike so yake ya san daren da ya ga abu, da ranar da ya sauya ra'ayi. Wannan kuwa yana cikin zanen fensir da aka bi da tawada, da wurin da aka kankare, kuma ba a ganinsu sai an haska fitila daga gefe. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, tambarin masana'anta da ke cikin jikin takardar ne ke taimakawa a kintaci shekararta, shi ma sai an haska ta baya. Hoto ɗaya daga sama bai kama ko ɗaya.

Injiniya Usman: Ku duba lafiyar takardar tukuna. Tawadar zamanin haɗin ƙarfe ce da tsamin itace, irin haɗin ƙarfe da bagaruwa da dukawa ke baƙanta fata da shi. Da farko takan yi jirwaye ruwan ƙasa a gefen harafi, sai ta ɓullo ta baya, ƙarshe harafin ya faɗo ya bar rami. Laima ke hanzarta ta. A tsayar da zafin ɗaki tsakanin digiri 16 da 20, laima kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ta haura 65, fumfuna za ta kama. Hawa da sauka kullum ya fi tsayayyen zafi ɓarna. Ban da salatif, ban da liƙe takarda cikin leda. Akwai wankin sinadarin kalsiyam da ke dakatar da cin tawada, amma a gwada a ƙaramin wuri tukuna, don zane mai launi na iya zuba.

Malam Sani: Ai hujjata kake ƙarfafawa, Injiniya. Abin da ke mutuwa a ɗauke shi yanzu: hoto mai ɗigo 400 a kowane inci, fayil na TIFF (nau'in fayil ɗin hoto da ake amfani da shi wajen adana tarihi), kwafi uku, ɗaya a wani gari.

Hajiya Binta: A ɗauka, ban hana ba. Amma a 1873 gwamnatin Italiya ta ƙwace kwalejin, bayan rasuwar Secchi kuma ɗakin duban taurarin kwalejin ya koma hannun wani masanin taurari, Pietro Tacchini. Takardun suka rabu, wasu na Jami'ar Gregoriya da ta gaji kwalejin a Roma, wasu na wajenta. Abin da ke nuna wace amsa ce ta wace wasiƙa sau da yawa fil ne mai tsatsa, ko ninki ɗaya da ya haɗa su. Mai ɗaukar hoto ya zare fil ya jera shafuka yadda ya ga dama, alaƙar ta tafi.

Malam Sani: To Hajiya, a ɗauki ƙunshin yadda aka same shi kafin a zare fil, a sa lambar shafi da fensir, a naɗe su tare cikin takarda marar tsami. Wannan na karɓa. Kuɗin sanyaya ɗaki dai har yanzu ina ja.