Silinda ta 2 tana misin, na sauya koyil amma ba canji

Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar injin ku taimaka min. Motata silinda 4 ce, irin wadda kowane fulogi yake da koyil ɗinsa a kai, to in na tada ta da safe sai injin ya dinga rawa, in ta yi zafi abin ya ɗan lafa amma da na taka totur a hawa sai ta fara fizga, wutar cek injin ma har ƙiftawa take, wannan ne ya fi damuna don an ce ɗanyen mai yana sauka salansa yana ƙona katalis, wato abin da ke tace hayaƙi.

An saka mata kwamfuta ta nuna P0302, wato kod ɗin da ke nuna silinda ta 2 tana misin, ba ta ƙona mai daidai. Ni dai a fahimtata koyil yana karɓar volt 12 na batir ne ya ɗaga shi zuwa dubbai kafin fulogi ya ba da wuta, shi ya sa na ɗauke koyil na 2 na kai 3, na 3 ya dawo 2, aka goge kod ɗin. Da koyil ne ai P0303, kod ɗin silinda ta 3, zai fito ko? To P0302 ɗin ce ta dawo. Fulogi ma sababbi ne duka.

Abin da na lura akwai ɗan baƙin mai a ramin fulogin, kamar gasket ɗin murfin injin yana yoyo. Shin wannan kaɗai zai iya jawo misin haka, ko in koma kan nozul ɗin da ke fesa mai da soket ɗin koyil? Wani makanike yana ta cewa a buɗe injin, ni kuma ban yarda ba tunda ko kamfireshan, wato ƙarfin matse iska a silinda, bai auna ba. Wanne ya kamata in fara dubawa?