Me za mu kira "mixture", "rich" da "lean" a famfon injekta?

Malam Mai Fassara, Obalende:
Assalamu alaikum. Ana shirya wa yaran gareji takardar koyon saita famfon injekta (famfon da ke auna fetur ya tura wa injin) na tsofaffin motocin fetur, irin Marsandi 280SL da 280SE masu famfon Bosch, da Fijo 404 da 504 masu famfon Kugelfischer. Kalmomi uku ne suka gagara: "mixture", "rich" da "lean". Na farko na sa masa "gauraye", sauran biyun "mai ya yi yawa" da "mai ya yi kaɗan". Masu sana'a, ku duba mana.

Ɗan Ladipo:
Wa alaikumus salam Malam. Cire "gauraye". Duk wanda aka ce wa fetur ɗinsa gauraye ne a Legas, abin da zai ji shi ne an zuba masa kananzir ko ruwa a gidan mai. A kasuwa "ofafulo" muke ji ana cewa idan mota na zubar da baƙin hayaƙi. Me zai hana a bar shi haka?

Injiniya, Idi-Araba:
Ofafulo ciwon kafireta ne, ɗan'uwa: kwanon mai ya cika ya tumbatsa saboda allurarsa ta ƙi rufewa. Famfon Bosch ba shi da kwano. Ƙananan fistin ne a jere, ɗaya ga kowace silinda, da sanda mai haƙora da ke murɗa su gaba ɗaya don ƙara ko rage abin da kowanne zai tura. Nozul kuma ba ta buɗewa sai matsi ya kai bar 15 zuwa 18. Idan yaro ya ji ofafulo zai shiga neman abin da babu shi a motar.

"Mai ya yi yawa" ma bai fito da ma'anar ba, Malam. Magana ce ta rabo tsakanin abu biyu. Fetur na ƙonewa tsaf idan kilo 1 ya samu iska kilo 14.7, wato lita ɗaya ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000. In an taka totur har ƙasa, injin ya fi son 12.5 zuwa 13. Famfo zai iya tura daidai abin da aka saita masa, amma matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, rabon ya lalace alhali ba a ƙara ɗigon mai ba. Haka in gasket ɗin bututun shan iska ya fashe, iska ta sato hanya, rabon ya karkata ɗaya gefen. Ni "haɗi" nake ba da shawara: haɗin iska da fetur.

Ɗan Ladipo:
Oga, "haɗi" fa shi ake cewa idan an zuba baƙin mai a fetur na ƙaramin janareta.

Injiniya:
Gaskiya ne. Sai a rubuta shi cikakke a farkon takarda, daga nan "haɗi" kawai. Ba wanda zai tsaya gaban Marsandi ya zaci janareta ake nufi.

Baba Mai Marsandi, Agege:
'Ya'yana, Hausa ta gama wannan aikin tun a madafa. Kunu in gari ya rinjayi ruwa an ce ya yi kauri, in ruwa ya rinjaya an ce tsararo. To fetur shi ne garin. Haɗi ya yi kauri, haɗi ya yi tsararo. Ba sai an yi wa yaro dogon bayani ba.

Ga yadda zai gane su. Mai kauri: kan fulogi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, salansa na warin ɗanyen fetur, ido na yaji a bayan mota. Ɓarnarsa a ɓoye take, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. In ka zaro sandar awon mai ka ga ya haura alama kuma yana warin fetur, canza shi kafin komai. Tsararo: kan fulogi fari fat, injin na tari ta bututun iska in an taka, zafi na hawa. Wannan shi ke ƙone bawul, wani lokaci ya huda fistin. In dole a kuskure, gara a kuskure wajen kauri kaɗan.

Malam Mai Fassara:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma yaran da suka tashi a nan da yawa ba su san "tsararo" ba. "Ya tsinke" ko "ruwa-ruwa" fa?

Baba Mai Marsandi:
A gareji in ka ce ya tsinke, yaro zai leƙa bel ko wayar totur. In ka ce ruwa-ruwa, zai kwance tanki. Bar tsararo, su koya. Sun koyi "tayimin" ai.

Injiniya:
Na bi bayan Baba. Kuma kalmomin biyu suna ba mu aikatau: a kaurara haɗi, a sirka shi. Bari in gwada su a aikin 280SL mu ji ko sun zauna.

Famfo shi ne na ƙarshe da ake taɓawa. A fara da gibin bawul, kwantak, tayimin da fulogi. Sannan famfon lantarki na wajen tanki: ya ba da lita 1 cikin daƙiƙa 15, matsi tsakanin bar 0.8 da 1.1. In bai kai ba, haɗi zai yi tsararo a guje kawai, kuma babu sukurun da zai gyara shi. Sandar da ta haɗa hannun famfo da sandar totur milimita 233 ce daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai. Yawancin motocin da ake kawowa an riga an taɓa ta don a ɗaga silo (gudun injin ba a taka totur ba), shi ya sa iska da fetur ba sa tashi tare.

Abu biyu ke kaurara haɗi a yi ta zargin famfo a banza. Na farko bawul ɗin tashin sanyi da ke jikin bututun iska, in yana ɗiga. Na biyu na'urar ɗumama da ke saman famfo, wadda ruwan lagireto ke ratsawa: da sanyi tana ƙara iska da fetur, in injin ya yi zafi ta rufe. Cire ƙaramar matatarta ka ɗora yatsa a bakin. In har yana tsotsa bayan injin ya yi zafi, ta maƙale.

Gwajin hannu: injin na silo, cire kan sandar famfo, ka ɗan buɗe iska ita kaɗai. In gudun injin ya tashi sosai, haɗi ya yi kauri. In ya shiga shaƙewa nan take, tsararo ne. Daidai shi ne ya ɗan ɗaga kaɗan sannan ya sauko.

Sai sukurun silo, wani maɓalli mai sifirin a bayan famfo. A kashe injin tukuna! Abin da yake kamawa a ciki yana juyawa tare da famfo, in ka danna shi injin na aiki ka yi ɓarna. Danna, juya a hankali har ya faɗa gurbinsa. Dama kaurarawa, hagu sirkawa. Ƙas ɗaya, a rubuta, a tayar, a auna. Da na'urar awon hayaƙi ana neman CO (iskar guba ta cikin hayaƙi) wajen kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin 100 a silo.

Ɗan Ladipo:
Wancan gwangwanin zagayayye da ke saman famfo fa, Oga? Masu saye na tambayarsa, kowa da sunan da yake kiransa.

Injiniya:
Shi ke jin nauyin iska. Legas bakin teku take, Jos kuwa wajen mita 1,200 sama, iskarta ba ta kai ta nan nauyi ba, sai shi ya rage fetur da kansa. Siraran washa ne a ƙarƙashinsa: ƙara washa na kaurara haɗi tun daga silo har guje, ragewa na sirka shi. A ajiye na asali a ƙulle a leda kafin a canza.

Malam Mai Fassara:
To na rubuta: haɗi, kauri, tsararo, kaurarawa, sirkawa. Gwangwanin na sa masa "ma'aunin nauyin iska" kafin a samu wanda ya fi shi gajarta. Baba, na Fijo ma dama ce kaurarawa?

Baba Mai Marsandi:
Kada ka haɗa su shafi ɗaya, Malam. Kugelfischer tsarinsa daban ne, sukurorinsa daban. Kalmomin dai su ne, amma a buɗe masa nasa babin.